Waiwaye: Wa ke iya sauke ɗan majalisar da ba ya zuwa aiki?

A farkon 2025 Majalisar Dokokin Jihar Zamfara ta ce kujerar Talata Mafara ta Kudu ba ta da mai ita. Mai kujerar shi ne Aliyu Ango Kagara, shugaban marasa rinjaye, ɗan APC, kuma laifin da aka ɗora masa fashin zama. Shi kuwa ya ce siyasa ce zalla. To dokar da aka kafa hujja da ita ta girmi wannan majalisar nesa ba kusa ba.

Tun 1999 kundin tsarin mulki ya wajabta wa majalisar jiha ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 109 ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na ranakun zaman shekara ba tare da uzuri ba, ya rasa kujerarsa. Sashe na 68 ya faɗi haka kan sanatoci da 'yan majalisar wakilai. Sai dai wa ke tantance uzurin? Mai jagorantar zaman ne, shi zai rubuta cewa ya gamsu. Kakakin majalisa kuma shi ke zartar da hukuncin bayan an gabatar wa zauren hujja. Wuƙa da nama ke nan a hannun mutum ɗaya. Na kusa da kakaki zai iya kwashe watanni a Abuja ko Saudiyya ba wanda ya ɗaga rajista, amma wanda suka ɓata, ranar za a tuna akwai littafin sa hannu.

Ita ma majalisar Gusau ba a natse take ba a lokacin. A Fabrairun 2024 wasu mambobi suka ce sun tsige kakaki Bilyaminu Isma'il Moriki, suka naɗa nasu. Ɓangaren kakakin ya dakatar da takwas, a majalisar da duka-duka mutum 24 ne. Mazaɓu takwas suka wayi gari ba mai tashi ya yi magana da yawunsu, a jihar da 'yan bindiga suka hana noma. Kotu ta sha cewa irin wannan dakatarwar ta saɓa doka: haka aka yi a shari'ar Rifkatu Danna ta majalisar Bauchi, haka a ta Sanata Ali Ndume a 2017, don dakatar da wakili hukunta waɗanda suka zaɓe shi ne.

Su masu ƙuri'a an bar musu ƙofa ɗaya, kiranye. Sashe na 110 ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Lura, rabin masu rajista aka ce, ba rabin waɗanda suka fito ranar zaɓe ba, alhali sau da yawa masu fitowar ma ba su kai rabin ba. A 2018 an gwada a kan Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma, sa hannun da aka tabbatar bai kai kashi 6 cikin 100 na masu rajista ba. A 2025 koken da aka kai kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ya tsaya ƙasa da kashi 44. Har yau ba ɗan majalisar da kiranye ya taɓa saukewa a Najeriya.

Idan Kogi ta kasa, ina ga Zurmi ko Maru? Mai yawo da takardar sai ya bi ƙauyukan da suka watse, ya nemo masu katin zaɓe da ke gudun hijira a Gusau ko Ƙauran Namoda, kowa ya dangwala, kuma ranar tantancewa su sake komawa rumfunansu na asali da ƙafafunsu.