Haƙƙin nakasassu a Damagaram

Nakasassu, waɗanda rediyo da hukuma suka fi kira masu buƙata ta musamman, sun haɗa da makafi da kurame da guragu da kutare da masu taɓin hankali. Tun kafin zuwan Turawa, biranen Hausa irin su Damagaram sun ba su gurbi a tsarin sarauta: akwai sarkin makafi, da sarkin guragu, da sarkin kutare, kowane yana sasanta rigimar mutanensa, yana kai kukansu fada. Tsarin ya ba su murya, amma abincinsu ya rataya ne a kan sadaka da bara, musamman ranar Juma'a a ƙofar masallaci.

Kutare ne suka fi shan wariya. Unguwar Kara-Kara da ke birnin Zinder, wato Damagaram, ta samo asali ne a matsayin matsugunin kutare da aka nesanta da sauran jama'a. Yau kuturta tana warkewa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da maganinta kyauta tun 1995, amma sunan unguwar bai daina bin 'ya'ya da jikokin da ba su taɓa kamuwa da cutar ba. A 2021 Aicha Macky, 'yar asalin garin, ta fitar da fim mai suna Zinder a kan matasan unguwar.

A wajen doka, Nijar ta fara da doka mai lamba 93-012 ta 2 ga Maris 1993, wadda aka yi wa gyara a 2010. Ita ce ta wajabta wa duk ma'aikatar gwamnati ko kamfani mai ma'aikata 20 ko fiye ya ware wa nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu, sannan a Disamba 2019 aka kafa doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su harkokin al'umma. Haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta ƙasa, FNPH, ita ke bin kadin waɗannan dokoki.

Sai dai dokar kashi 5 ta fi amfanar mai takardar makaranta. A jihar da akasarin mutane ke rayuwa da noma da kiwo da ƙananan sana'o'i, kamfani mai ma'aikata 20 ba shi da yawa, yaro kurma ko makaho na ƙauye kuwa da wuya ya samu malamin da ya iya maganar hannu ko rubutun makafi.