Waiwaye: Neil Young da Rigimar Shekara Hamsin Tsakaninsa da Masu Sauraronsa

Cikin mawaƙan rock da suka yi tashe tun daga shekarun 1960, da wuya a samu wanda masoyansa suka yi ta saɓani a kan kundayen waƙoƙinsa kamar Neil Young, mutumin Kanada da aka haifa a Toronto a 1945. Kowa ya yarda gwani ne, amma idan aka zo maganar wane kundi ne ya fi, ko kuma wanne ne ɓarnar kuɗi, nan ake rabuwa. Abin da ya ƙara wa muhawarar armashi shi ne yadda hukuncin masu sauraro ya yi ta juyawa, har kundin da aka yi wa tofin Allah-tsine jiya ya zama abin alfahari yau.

Tun daga fari tsagar ta bayyana. Bayan rushewar ƙungiyarsa ta Buffalo Springfield a 1968, Young ya fitar da Everybody Knows This Is Nowhere a 1969 tare da makaɗan Crazy Horse, kundi mai amon gita mai lantarki, kaushi-kaushi, wanda wasu waƙoƙinsa ke kaiwa minti tara ko goma. Bayan shekara uku kuma sai ga Harvest, mai taushi da sanyin murya, wanda ya zama kundin da aka fi saya a Amurka a 1972, kuma daga cikinsa ne waƙar Heart of Gold ta fito, ita ce kaɗai waƙarsa da ta taɓa hawa mataki na ɗaya a can. Daga nan masoyansa suka kasu gida biyu, masu son mai gitar katako da ke rera waƙa a nitse, da masu son mai ƙara da hargowa. Masu sharhi ma ba su yi wa aikin maraba baki ɗaya ba, domin mujallar Rolling Stone ta kushe After the Gold Rush na 1970 da shi kansa Harvest lokacin fitowarsu, kafin daga bisani ta dawo ta jera su cikin manyan kundaye.

Inda labarin ya fi nauyi shi ne abin da ya biyo bayan wannan ɗaukaka. A watan Nuwamba na 1972 Danny Whitten, mai kaɗa gita a Crazy Horse, ya rasu sakamakon shan ƙwayoyi fiye da kima, jim kaɗan bayan Young ya sallame shi daga atisaye saboda ya kasa riƙe kiɗan. A 1973 Bruce Berry, ɗaya daga cikin masu ɗaukar musu kayan kiɗa, ya bi shi ta hanya irin wannan. Mutanen da suka cika filayen wasa a rangadin da ya yi a wancan lokaci sun sayi tikiti ne don su ji waƙoƙin Harvest masu daɗi, sai suka tarar da mutum cikin baƙin ciki yana jefo musu sababbin waƙoƙin da ba su taɓa ji ba, da murya mai rawa. Daga wannan rangadi aka haɗa Time Fades Away na 1973. Sai On the Beach na 1974, wanda hoton bangonsa kaɗai ya isa bayani: mawaƙin sanye da kwat rawaya ya juya wa mai kallo baya yana duban teku, ga bayan wata motar Cadillac ya leƙo daga cikin yashi, ga jarida a yashe tana ɗauke da kiran Shugaba Nixon ya yi murabus. Na ukunsu, Tonight's the Night, an naɗe shi ne a 1973 cikin dare, makaɗan suna cikin maye da jimami, muryar tana kaucewa daga kan kiɗa ba a gyara ba, kuma bai fito ba sai 1975.

Waɗannan uku ba su yi kasuwa kamar Harvest ba, kuma da yawa sun ɗauka mutumin ya lalace. Shi kuwa, a bayanin da ya rubuta cikin tarin waƙoƙinsa na Decade a 1977, ya nuna cewa fitacciyar waƙar tasa, Heart of Gold, ta ɗora shi a tsakiyar titi, tafiyar ta gundure shi, don haka ya karkata ya faɗa kwata. Daga wannan magana masoyansa suka laƙaba wa kundayen sunan ukun cikin kwata. A yau su ne waɗanda riƙaƙƙun masu sauraronsa suka fi kambamawa, kuma a ganina sun yi daidai, musamman a kan Tonight's the Night, domin duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san cewa kukan gaskiya ba ya zuwa da tsari. On the Beach ya shafe shekaru ba a samunsa sai a tsohon faifan garmaho, har masoya suka yi ta tattara sa hannu suna roƙo, kafin a fitar da shi a faifan CD a 2003. Time Fades Away kuwa shi kansa mawaƙin ya taɓa kiransa mafi muni cikin ayyukansa, amma hakan bai hana masu sauraro tsayawa kai da fata wajen kare shi ba.

Bayan Rust Never Sleeps na 1979, wanda ya sasanta ɓangarorin biyu ta hanyar ba kowa rabonsa, fuska ɗaya mai taushi, ɗaya mai ƙara, sai aka shiga shekarun da har yau ake ce-ce-ku-ce a kansu. Young ya koma kamfanin fitar da waƙoƙi na Geffen, ya fitar da Trans a ƙarshen 1982, inda ya bi da muryarsa ta cikin na'urar da ke mai da ita tamkar ta mutum-mutumi, har ba a iya tantance kalmomin. Mutane suka ce ya zautu. Abin da mafi yawansu ba su sani ba shi ne ɗansa Ben, wanda aka haifa a 1978, yana fama da lalurar ƙwaƙwalwa mai tsanani da ta hana shi magana, kuma iyayen suna shafe sa'o'i masu yawa kowace rana suna ƙoƙarin samun hanyar sadarwa da shi. Da wannan bayani ya fito, kunnuwa da dama suka sauya, domin muryar da ke fafutikar a fahimce ta amma ta gagara ita ce ainihin abin da uban ke gani a gidansa. Akwai masu cewa labari mai taɓa zuciya ba ya mai da kundi ya yi daɗi, kuma hujjarsu ba abin yarwa ba ce, sai dai ni ban ƙara iya jin Trans da tsohon kunne ba.

Everybody's Rockin' na 1983 bai samu irin wannan afuwa ba. Kundi ne na kusan minti 25 cikin salon shekarun 1950, kuma shi ne ya ƙure haƙurin kamfanin, wanda ya maka shi a kotu yana neman diyyar fiye da dala miliyan 3 bisa zargin yana yin waƙoƙin da ba su yi kama da nasa ba. Young ya mayar da martani da tasa ƙarar, daga baya aka sasanta. Landing on Water na 1986 ma har yanzu yana can ƙasan jerin mafi yawan masu sauraro.

Farfaɗowar ta zo ne bayan komawarsa tsohon kamfaninsa na Reprise. Freedom na 1989 da Ragged Glory na 1990 sun dawo da amon tsohuwar baƙar gitarsa ƙirar Les Paul ta 1953, daidai lokacin da matasan mawaƙa na birnin Seattle ke tasowa da irin wannan kaushin sauti, har aka riƙa kiransa uban gidan salon grunge. A 1992 ya share hawayen ɗaya ɓangaren da Harvest Moon, shekara 20 cif bayan Harvest, sannan a 1995 ya yi Mirror Ball tare da ƙungiyar Pearl Jam.

Daga baya siyasa ta shigo cikin muhawarar. Living with War na 2006 ya caccaki yaƙin Iraƙi da Shugaba George W. Bush kai tsaye, kuma a wasan da aka yi a Atlanta cikin wannan shekarar wasu 'yan kallo sun yi ihu sun fice cikin fushi. A nan ba kiɗan ne ya raba mutane ba, ra'ayi ne. Sannan ga wani sabon babi da ya buɗe sa'ad da Young ya fara sakin kundayen da ya ɓoye: Hitchhiker da aka naɗa a 1976 ya fito a 2017, Homegrown kuma, wanda ya janye a 1975 ya saki Tonight's the Night a madadinsa, ya fito a 2020. Tun ranar da Homegrown ya shiga hannun jama'a, tsofaffin masoya suka koma kan tsohuwar tambayarsu, wato ko ya yi daidai da ya zaɓi na makoki ya ajiye mai taushin, kuma wannan karon suna da kundayen biyu a gabansu suna kwatantawa.