Don Allah a daina jan kwikwiyo da igiya daga saman bene

Assalamu alaikum jama'ar Katsina. Ni aikina lafiyar dabbobi ne, yawanci shanu da awaki da kaji nake fama da su, amma tunda harkar tsaro ta taɓarɓare mutane suka koma ajiye karen gadi a gida, kiran da ake min kan karnuka ya ƙaru sosai. Abin da na gani a wani gida can wajen Ƙofar Ƙaura shi ya sa na ce bari in yi wannan rubutun, don wallahi ya tsaya min a rai.

Alhajin ya sayo ɗan kwikwiyo irin alseshan, watansa uku da 'yan kwanaki. Yara suka ɗauke shi a hannu suka hau bene da shi suna wasa, da lokacin saukowa ya yi sai ya ƙi. Ina shiga na tarar yaron gidan, bai fi shekara 12 ba, ya ɗaura masa igiya a wuya yana ja daga ƙasa, shi kuma kwikwiyon ya turje da ƙafafun gaba, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa jela tsakanin cinyoyi, jikinsa sai karkarwa yake har ya saki fitsari a kan tayil. Maigidan ya dube ni ya ce, "Malam, an cuce ni, raggon kare aka sayar min." Na ce ranka ya daɗe, wannan tsoro ne, kuma da kai ne a matsayinsa da haka za ka yi.

Duk wanda ya taɓa hawa hasumiyar Gobarau ya san hawa daban, sauka daban, sai ka juyo ka leƙa ƙasa sannan gabanka ke faɗuwa, alhali kai kana da hannun dafa bango. Shi kare kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake, to in zai sauka dole ya tura kai ƙasa, nauyin nan duk ya koma gaba, ga matakala ɗaya ta kai tsawon ƙafarsa ko ta fi, ga tayil ɗin da muke yayi yanzu mai santsi kamar an shafa mai, farcensa ba ya kama komai. Shi a ganinsa rami ne ake ce masa ya faɗa.

Kafin koyarwa ma, a duba shekaru. In bai kai wata uku ba kar a wahalar da shi da bene kwata-kwata, ƙasusuwansa ba su yi ƙwari ba, musamman manyan irin nan kamar alseshan da ke yawan samun matsalar ƙugu in sun girma. A ɗauke shi, hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji ɗaya ya tallafo bayansa, ban da ɗagawa ta ƙafafun gaba ko ta fatar wuya. Sannan a sa katako a toshe bakin matakalar, don na sha ganin kwikwiyo da karaya ko targaɗe saboda ya gangaro da dare ba wanda ya sani.

In ya kai, to daga ƙasa ake farawa, kuma nan ne mutane suka fi kuskure. Ka fara gyara santsin, ka shimfiɗa tsohon kafet ko buhu a kan matakala biyu uku na ƙasa, ka danne shi sosai yadda ba zai zame ba, don in ya zame da shi sau ɗaya aikin ya koma baya. Sai ka ɗora shi a kan matakala ta farko, guda ɗaya tak daga ƙasa, kai kuma ka tsuguna a gabansa da ɗan nama a hannu, ka kira sunansa a hankali. Zai leƙa, ya ja baya, ya yi ɗan kuka, wataƙila ya zauna yana kallonka. Ka ƙyale shi, kar ka taɓa shi, kar ka tura shi. Da ya sauko da kansa ka ba shi naman nan take, ka shafa kansa ka yaba masa. Ku maimaita sau huɗu ko biyar ku tashi. Gobe in ka ga yana sauka ba gardama sai ka ɗora shi a ta biyu, jibi ko gata ta uku, in kuma ya sake turjewa ka dawo da shi inda ya iya, ba abin kunya ba ne. Minti biyar ya isa, safe da yamma, kafin a ba shi abinci lokacin yana marmarin abin da ke hannunka. In matakalar ta waje ce a guji tsakar rana, kun dai san siminti a Katsina cikin watan Afrilu, tafin ƙafarsa zai iya ƙonewa.

Maganar nama kuma, dafaffe za a yanka ƙanana, ko 'yar hanta. Na san wani zai ce ai ga ragowar tsire ko kilishi, a'a, yaji na ɓata masa ciki, albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata wa kare jini. Dafaffen ƙashin kaza ma a kiyaye, tsagewa yake ya soke shi a maƙogwaro ko hanji.

Yara su koma gefe lokacin koyarwar, mutum ɗaya ya isa, ihu da tafi ƙara ruɗa shi suke. Kuma in karenka da can yana sauka lafiya sai rana ɗaya ya ƙi, wannan ba na koyarwa ba ne, akwai inda ke masa ciwo, a kai shi asibitin dabbobi a duba.

Wani zai ce duk wannan wahalar a kan kare? To ni abin da ke damuna ya wuce bene. Watannin farko na rayuwar kwikwiyo a nan yake koyon wa zai amince da shi, wa zai ji tsoro, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka shaƙe da igiya, aka make da takalmi, aka wurgo daga sama, abin da ya koya shi ne hannun mutum abin gudu ne, ranar da ya girma aka ritsa shi a lungu ba hanyar gudu to haƙori zai sa, kuma yawanci yaran gidan ne a kusa. Mutane na ganin duka ke sa kare ya yi zafin gadi, ni abin da nake gani a aiki shi ne karen da aka tsorata ba ya bambance ɓarawo da ɗan maigida. Balle kuma amana ce, tunda kai ka kawo shi gidanka ka ɗaure, kuma duk mun san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa.

Tunda an zo maganar cizo, dole in tuna mana haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne, da yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Wata ukun nan da ake fara koyar da bene shi ne kuma lokacin allurar rigakafin farko, a yi masa, a karɓi kati a adana, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara. In ko an samu cizo ko yaƙushi, ko na ɗan kwikwiyo ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15 cur, ban da tsayawa shafa toka ko ganye, a wuce asibiti a ranar. Karen kuma a killace shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da mu.

Gidan Alhajin nan, yaron da na tarar yana jan igiyar shi na ɗora wa aikin. Na nuna masa yadda zai tsuguna, na ce ya cire igiyar gaba ɗaya, Hajiya ta ba mu tsohon kafet ɗin falo muka yanka. Kwana biyun farko matakala ɗaya ma da ƙyar. Da na koma yi masa allura bayan kamar kwana goma, yaron ya tare ni tun daga bakin get yana cewa "Baba zo ka gani", ya tsaya a ƙasa ya kira shi sau ɗaya, sai ga kwikwiyon nan yana saukowa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan tsayawa a kowace matakala ya leƙa, jela na kaɗawa, har ya iso ya cusa hanci cikin tafin hannun yaron yana neman hantarsa.