Dankalin Turawa a cikin kwalba: ana gane mai jure ƙishirwa tun kafin ya shiga gona?

Mene ne renon tsiro a kwalba?

Ana yanko ɗan guntun reshen dankali mai ido guda, a dasa shi cikin kwalba mai tsafta a kan wani abinci mai kauri kamar kunun da ya kwana. Haɗin da aka fi amfani da shi shi ne na masana tsirrai Murashige da Skoog na 1962: gishirin ma'adinai da sukari da abin da ke daskarar da shi. Bayan kamar wata guda tsiron ya miƙe, sai a sake yanka shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta zama sabon tsiro.

To ta yaya ake kawo fari cikin kwalba?

Ana zuba wani sinadari, galibi PEG ko sobitol, cikin abincin. Ruwa yana nan, amma sinadarin ya riƙe shi, saiwa ta kasa jawowa. Sai a raba kowane iri gida biyu, wasu kwalabe da sinadarin, wasu babu, a jera su ƙarƙashin haske ɗaya. Irin da ba ya jurewa ba ya ɓuya: ya tsugune, ganyensa ya ƙanƙance ya yi rawaya, saiwarsa 'yar guntuwa. Mai juriya kuwa yakan ci gaba da tura saiwa ƙasa. Ana auna tsawon kara da na saiwa da nauyi, har da wani sinadari mai suna furolin da tsiro ke tarawa idan ƙishirwa ta kama shi. Amfanin wannan shi ne a tace iri da yawa a ɗaki guda cikin ɗan lokaci.

Me ya sa dankali ke saurin jin ƙishirwa?

Saiwarsa ba ta nitsewa da nisa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta yana buƙatar ruwa milimita 500 zuwa 700 a kaka guda. Ya fi wahala lokacin da ya fara ɗaura 'ya'ya, kuma ban ruwan yau akwai gobe babu yakan sa su tsage ko su karkace.

Ina ruwan manomin Sakkwato da wannan?

Da ruwansa ƙwarai. A Najeriya Filato ce gidan dankali, can ma cibiyar binciken dankali ta Kuru take, kusa da Jos. Mu nan sai da hunturu, a fadama, da injin ban ruwa, kuma duk wanda ya sayi fetur don injin ya san darajar irin da zai rage masa yawan shayarwa.

Irin da ya yi fice a kwalba zai yi fice a gonarmu?

Ba dole ba ne, kuma nan nake roƙon a yi hattara. Cikin kwalba babu ranar Sakkwato, babu busasshiyar iskar hunturu, babu yashi. Ga kuma zafi: idan dare ya wuce digiri 20, dankali yakan yi ta ganye ya rage ɗaura 'ya'ya, ko da ruwa ya wadata. Shi ya sa ake shuka wajen Nuwamba, a tone kafin zafin Maris ya kankama. Gwajin kwalba bai auna wannan ba. Don haka idan an kawo maka iri ana cewa mai jure fari ne, tambaya a wace gona aka gwada shi, kuma a wane wata. In ba a gwada shi a ƙasa irin tamu ba, fara da 'yan kunyoyi kaɗan kusa da irin da ka saba.