Daga keji zuwa gida: tambayoyi da amsoshi kan shirye-shiryen ceto karnuka a talabijin

A tashoshin talabijin na Amurka da Birtaniya akwai wani nau'in shiri da ya daɗe yana jan masu kallo. Ana ɗauko kare daga gidan ajiye karnukan da ba su da mai su, a yi masa magani, a hore shi, sannan a miƙa shi ga mutanen da za su riƙe shi. Labarin na taɓa zuciya, amma mai kallo kan tashi da tambayoyin da shirin bai tsaya amsawa ba.

Waɗanne shirye-shirye ake nufi?

Wanda ya fi dacewa da wannan siffa shi ne Lucky Dog, da tashar CBS ta Amurka ta fara nunawa a 2013 a safiyar Asabar. Mai gabatar da shi na farko, Brandon McMillan, ya taso cikin dangin masu horar da namun daji, ya kuma yi aikin horar da dabbobi don finafinai. A kowane kashi na rabin awa yakan je gidan ajiye karnuka a yankin Los Angeles, ya ɗauko guda ɗaya, ya hore shi a gandunsa, ya sama masa gida. A 2021 Eric Wiese da matarsa Rashi suka karɓi ragamar shirin.

A Birtaniya akwai For the Love of Dogs na tashar ITV, wanda Paul O'Grady ya gabatar daga 2012 har rasuwarsa a 2023. Ana ɗaukarsa a Battersea, gidan karnuka na Landan da aka kafa tun 1860. Akwai kuma The Dog House na Channel 4, da aka fara a 2019, da Pit Bulls and Parolees na Animal Planet, wanda ya ƙare a 2022, inda Tia Torres ta riƙa ɗaukar waɗanda aka sallamo daga kurkuku aikin kula da karnukan nau'in pit bull da kowa ke gudu.

Me ya sa ake kiran abin ceto? Ba a gidan ajiya karen yake ba, ana ba shi abinci?

Domin gidan ajiya ba mazauni ba ne, zango ne, kuma yana cika. Ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Amurka, ASPCA, ta ƙiyasta cewa a 2019 karnuka kusan miliyan 3.1 ne suka shiga irin waɗannan gidaje a ƙasar, kuma kimanin 390,000 aka kashe da allura. Wasu don ciwon da ba ya warkewa, wasu don cizo, wasu kuwa don babu sauran keji. Sau da yawa gidan da ke hannun ƙaramar hukuma ba shi da ikon cewa ya cika. Duk karen da aka kawo dole ya karɓa.

Yawancin waɗannan karnuka ba wani laifi suka yi ba. Wasu ɓata suka yi ba a zo nemansu ba. Wasu masu su ne suka kawo su da hannunsu: an koma gidan haya da ba a yarda da kare ba, kuɗin likita ya gagara, mai karen ya rasu, aure ya mutu. Zaman keji kansa yana lalata hali. Haushi ba dare ba rana, warin baƙin karnuka, ba wurin gudu. Kare mai natsuwa kan koma mai zagaye a wuri ɗaya ko mai lafewa a lungu, masu zuwa zaɓe su gan shi haka su wuce.

Me ake fara yi masa idan an ɗauko shi?

Likitan dabbobi ne farko. Ana duba haƙora, kunne da fata, a raba shi da kaska da ƙuma da tsutsar ciki, a yi masa rigakafin ciwon haukan kare inda doka ta tanada, da na cutar hanjin nan mai sa amai da zawon jini wadda ke kashe kwiyakwiyi cikin kwanaki. Namiji a yi masa fiɗiya, mace a yi mata aikin hana haihuwa. Ana kuma sa masa ɗan guntun na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, girmansa bai wuce ƙwayar shinkafa ba, don a gane mai shi idan ya sake ɓata. A Ingila wannan ya zama dole tun Afrilun 2016.

Binciken likita yana da alaƙa da horo kai tsaye. Karen da ke kai cizo idan an taɓa kansa, sau da yawa kunnensa ne ke ciwo. Horar da shi kafin a warkar da kunnen ɓata lokaci ne, kuma zalunci ne.

Me ake koya masa?

McMillan ya gina shirinsa a kan umarni bakwai: zauna, kwanta, tsaya a inda kake, zo nan, sauka, bi ni a gefe, da bari. Ba wasan burge baƙi ba ne. Karen da ke zuwa idan an kira shi ba zai faɗa titi ba. Wanda ya san sauka ba zai ka da tsohuwa a bakin ƙofa ba. A kan wannan ake ƙara abin da gidan da za shi yake bukata, kamar sabawa da keken guragu, shiga mota, ko zama shi kaɗai na 'yan awoyi.

Hanyar koyarwar ba ta da wuyar fahimta. Kare yana maimaita abin da ya jawo masa alheri. Gindinsa na taɓa ƙasa a ba shi ɗan nama ko a yaba masa, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, domin idan aka jinkirta ba zai haɗa ladan da aikin ba. Darasi gajere ne, 'yan mintoci sau da yawa a rana. Daga nan a sake shi a lambu, a titi, a gaban mutane, domin karen da ya iya zama a ɗaki bai san cewa umarnin na aiki a waje ba sai an nuna masa.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babban kare yana koyuwa kuwa?

Karin maganar tana da gaskiya ta fuska ɗaya. Daga mako na uku zuwa wajen na goma sha biyu na rayuwar kwikwiyo ne yake sabawa da mutane da ƙara da sauran dabbobi cikin sauƙi. Wanda ya rasa wannan lokaci yakan girma da tsoro, kuma tsoron ba ya fita gaba ɗaya a kowane kare. Amma koyon umarni ba shi da shekaru. Babban kare ma ya fi kwikwiyo natsuwa a darasi.

Babban misali shi ne karnukan da aka ƙwace a 2007 a jihar Virginia, daga gidan ɗan ƙwallon Amurka Michael Vick, inda ake haɗa su faɗa. A da irin waɗannan karnuka kashe su ake yi ba tare da dogon bincike ba. A wannan karon kotu ta yarda a duba kowanne shi kaɗai. Guda 22 da suka fi bukatar kulawa aka kai wurin ƙungiyar Best Friends a jihar Utah, kuma shirin DogTown na National Geographic ya bi labarinsu. Abin da aka tarar a yawancinsu tsoro ne, ba mugunta ba. Da yawa sun sami gidaje, wasu bayan shekaru, wasu kuma a wurin suka ƙare rayuwarsu.

Shin sai an nuna wa kare ƙarfi kafin ya bi?

Nan masu horo suka rabu. Shirin Dog Whisperer na Cesar Millan, wanda aka yi daga 2004 zuwa 2012, ya yaɗa ra'ayin cewa dole mutum ya zama shugaban garke, ya danne kare idan ya yi taurin kai. Ra'ayin ya samo asali ne daga nazarin kyarketai da aka tsare a gidan zoo, baƙin juna da aka cusa wuri ɗaya. Masanin kyarketai David Mech, wanda ya taimaka wajen yaɗa shi, daga baya ya nuna cewa a daji garken kyarketai iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta fitar da matsaya cewa a yi horo da lada, a bar hanyoyin da ke sa ciwo ko tsoro.

Ina tare da su, musamman a kan karen da aka ceto. Tsawa da fizgar igiya suna sa kare ya yi shiru nan take, abin da ke da kyau a kyamara. Amma gurnani gargaɗi ne. Idan ka hukunta gargaɗin ba ka cire tsoron ba, ka sami karen da zai yi cizo ba sanarwa.

Yaya ake zaɓar gidan da za a kai shi?

A ganina wannan ne zuciyar aikin, ya fi horon kansa. Mutane kan zo da hoton karen da suke so a ransu, masu aikin kuma suna tambayar yadda suke rayuwa. Awa nawa gidan yake zama ba kowa? Akwai ƙananan yara? Akwai kyanwa? Mai gidan haya ya yarda? Wa zai fita da shi kowace safiya, har lokacin sanyi? Karen da aka halitta don kiwon tumaki, mai bukatar gudu da aiki, idan aka kai shi ɗakin bene wurin wanda ke fita tun asuba, zai cinye kujeru, a ce ba ya jin magana. Wannan karen a hannun mai gona abin alfahari ne.

The Dog House ya fi sauran nuna wannan. A Woodgreen, cibiyar ceto dabbobi inda ake ɗaukar shirin, ma'aikata suna sauraron masu nema, su koma su tattauna wane kare ne zai dace, sannan a haɗa su a wani fili ana kallo ta kyamara. Wani lokaci karen ya ƙi matsowa, a rabu ba a dace ba, kuma shirin yana nuna hakan. Ina girmama shi saboda wannan. Cewa a'a ga iyalin da suka riga suka ƙwallafa rai ba daɗi, amma ya fi a dawo da kare bayan wata guda da sabon tabo a zuciyarsa.

Da gaske ne kare yana canzawa da sauri haka?

A'a. Rabin awar da ake gani an tace ta ne daga aikin kwanaki ko makonni, kuma mai horon ƙwararre ne da ba shi da wani aiki sai wannan. Shi ya zaɓi karen, ya kuma zaɓi wanda yake ganin zai yi nasara. Masu aikin ceto suna da wani ƙiyasi da suke ba sababbin masu riƙo: kwana uku kare ya huce daga firgici, mako uku ya fahimci tsarin gidan, wata uku ya ji cewa gidansa ne. Ba doka ba ce, wasu sun fi haka daɗewa. A kwanakin farko yana iya ƙin abinci, ya yi fitsari a ɗaki, ya manta duk umarnin da aka ga ya iya. Horon ba ya bin kare shi kaɗai zuwa sabon gida, sai mutanen gidan sun koyi kalmomin sun ci gaba da maimaitawa.

Kowane kare ne yake samun gida a ƙarshe?

Ba kowanne ba. Kwiyakwiyi da ƙananan karnuka suna tafiya da wuri, manya da tsofaffi da masu ciwon da ke cin kuɗi su ne ke daɗewa. Ko gidajen Amurka da ake kira waɗanda ba sa kisa, ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne a ceci kashi 90 cikin 100. Doka ma tana shiga. Karen pit bull da ake yi wa shiri guda a Amurka, a Birtaniya dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta hana sayar da shi ko bayar da shi. Idan ɓataccen kare ya shigo Battersea, 'yan sanda suka tabbatar irin da aka haramta ne, gidan ba shi da ikon sama masa sabon mai riƙo komai kyan halinsa. Daga 31 ga Disamban 2023 wannan hani ya haɗa da nau'in XL Bully a Ingila da Wales.