Ba a soke TETFund ba, amma malaman jami'a su duba lissafin sashe na 59

Tun da sabbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, magana ɗaya ke yawo a ɗakunan malamai da zaurukan WhatsApp na tsangayoyi: wai an kashe TETFund, asusun gwamnati da ke tallafa wa manyan makarantu, wai daga 2030 babu sauran tallafin bincike, don haka kada kowa ya wahalar da kansa rubuta takardar neman tallafi. Har akwai masu cewa wanda aka riga aka amince wa ma ba zai ga ragowar kuɗinsa ba. Wannan magana ba haka take ba, sai dai ba daga sama ta faɗo ba. Tana da tushe a wani daftari da bai zama doka ba.

A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa ƙudurorin gyaran haraji guda huɗu, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. A cikin ɗaya daga cikinsu an ba da shawarar a haɗe harajin ilimi, wanda daga shi TETFund ke samun kuɗinsa, da wasu ƙananan haraje-haraje a zuba su a tukunya ɗaya mai suna harajin raya ƙasa. Daftarin ya ce TETFund zai samu kashi 50 cikin 100 a 2025 da 2026, ya samu kashi biyu bisa uku daga 2027 zuwa 2029, sannan daga 2030 ba zai samu ko sisi ba, duk kuɗin su koma asusun bashin ɗalibai na NELFUND. Wannan shi ya tayar da ƙura. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta ce ba za ta saɓu ba, ƙungiyar gwamnonin Najeriya ma a Janairun 2025 ta nemi a cire wa'adin. Majalisa ta cire shi. Dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ba ta ɗauke da wani wa'adin 2030. Duk wanda ya turo maka jadawalin da ke nuna sifili a gaban sunan TETFund, tsohon daftari ya turo maka.

Dokar da ta kafa asusun, wato ta 2011, tana nan da ranta, kuma har yanzu ita ce ke lissafa bincike da wallafa a cikin abubuwan da za a kashe wa kuɗi, tare da gine-gine, kayan koyarwa da horar da malamai. Waɗanda ke amfana ba su canza ba: jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnatin tarayya da na jihohi, a rabon biyu, ɗaya, ɗaya. Malaman jami'o'i masu zaman kansu ba sa ciki, dā ma ba sa ciki.

Inda ya kamata malami ya zauna da alƙalami shi ne sashe na 59 na sabuwar dokar. Harajin ilimi ya fara ne da kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni a dokar soja ta 1993, wadda ta biyo bayan yarjejeniyar ASUU da gwamnatin Babangida a 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabancin ƙungiyar. An ɗaga shi zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a ta 2023, kuma dukkansa na TETFund ne. Yanzu harajin raya ƙasa kashi 4 ne, amma rabinsa kawai ke zuwa TETFund. Sauran rabin an yanka shi: NELFUND kashi 15 cikin 100 na harajin, asusun tsaro 10, hukumar fasahar sadarwa NITDA 8, hukumar kimiyya da injiniyanci NASENI 8, asusun tsaron intanet 5, hukumar renon fasaha 4.

A ɗauki kamfanin da ribarsa da ake yi wa haraji ta kai naira biliyan 1. A ƙarƙashin tsohon tsari zai biya miliyan 30, duka su shiga TETFund. Yanzu zai biya miliyan 40, TETFund ya ɗauki miliyan 20, NELFUND miliyan 6, sauran hukumomin su raba miliyan 14. Wato rabin huɗu biyu ne, kuma biyu bai kai uku ba. A kan kowace naira ta ribar kamfani, asusun ya koma inda yake kafin dokar kuɗi ta 2021, ya rasa kashi ɗaya bisa uku na abin da yake samu. Masu kare dokar suna cewa idan aka faɗaɗa komar haraji, kamfanoni da yawa suka shigo, jimillar kuɗin za ta iya haura ta dā. Yana iya yiwuwa, amma wannan fata ne, lissafin kuwa a rubuce yake. Kuma da wuya a ce adalci ne a rage wa ɗakin gwaje-gwaje domin a ba ɗalibi bashin da zai zo ya yi karatu a wannan ɗakin. Wannan ita ce muhawarar da ta cancanci hayaniya.

Abu na biyu da ya ƙara wa jita-jitar ƙarfi shi ne dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga 1 ga Janairun 2025. Asusun, a ƙarƙashin babban sakatarensa Sonny Echono, ya kafa hujja da faɗuwar darajar naira da kuma malaman da ke gama karatu su ƙi dawowa. Wannan ya shafi guraben digiri na biyu da na uku ne a waje. Tallafin bincike wata ƙofa ce daban, kuma ba a rufe ta ba.

Ƙofofin binciken biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne IBR, tallafin da ke fitowa daga kason da asusun ke ware wa kowace makaranta duk shekara. Ba Abuja malami ke aika takardarsa kai tsaye ba. Yana miƙa ta ga kwamitin bincike na makarantarsa, kwamitin ya tace, sannan makaranta ta tura waɗanda suka tsallake tare da wasiƙar shugabanta, bayanan zaman kwamitin, tarihin aikin mai binciken da kasafin kuɗi dalla-dalla. Shekaru da dama iyakarsa naira miliyan 2 ce a kan aiki ɗaya na shekara guda. Lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan bai wuce dala 1,300 da 'yan kai ba, abin da sinadaran gwaji kaɗai za su iya lashewa. Ga mai binciken harshe ko tarihi da zai zagaya ƙauyuka da rikoda, kuɗin na iya yin wani abu. Ga mai aikin ƙwayoyin halitta, somin taɓi ne kawai.

Na biyu shi ne NRF, asusun bincike na ƙasa, wanda gasa ce tsakanin malaman ƙasar baki ɗaya. An fara shi da naira biliyan 3 a 2009, ya kai biliyan 8.5 a 2021 zamanin da Farfesa Suleiman Bogoro ke jagorantar TETFund, kuma aiki ɗaya na iya samun har miliyan 50. Rukunansa uku ne: kimiyya, injiniyanci da ƙere-ƙere; ilimin zamantakewa da al'adu; sai batutuwan da suka ratsa fannoni. Ana fara aika taƙaitaccen bayanin abin da ake son bincikawa, wanda ya tsallake a kira shi ya kawo cikakkiyar takarda, sannan ya zo ya kare ta a gaban kwamitin tantancewa. A matakin farko aka fi zubar da mutane. Wanda ya ɗebo babin digirinsa na uku ya sauya masa kanu, ko ya rubuta sunansa shi kaɗai ba tare da tawagar da ta haɗa fannoni ba, ko ya kasa faɗin wace matsalar ƙasa aikinsa zai warware, da wuya ya wuce nan.

Sai batun da ya fi cin malamai, wanda babu ruwansa da dokar haraji. Tallafin bincike ba alawus ba ne, kuma ba a asusun malami yake sauka ba. Yana shiga asusun makaranta ne, daga nan ofishin kuɗi ya sakar wa jagoran binciken. A IBR zubi biyu ake yi, kashi 60 da farko, kashi 40 sai an ga rahoton ci gaban aiki da bayanin yadda aka kashe na farkon. Mai cewa "an cinye min ragowar kuɗina" sau da yawa idan aka buɗe fayil ɗinsa za a tarar bai kawo rahoton ba, ko ya kawo shi babu rasit.

Bayanin kashe kuɗi yana nufin kowace naira ta dace da layin da aka rubuta mata a kasafin da aka amince da shi. In an rubuta dubu 300 don sinadarai, sai malami ya ga kwamfutarsa ta mutu ya sayi sabuwa da kuɗin, mai binciken kuɗi zai ƙi karɓa ko da rasit ɗin na gaskiya ne, domin ba a nemi izinin sauya layin a rubuce ba kafin a kashe. Masu taimakawa wajen tattara bayanai a ƙauye su sa hannu a takardar biya, da suna da kwanan wata da adadin abin da kowa ya karɓa. Kuɗin mai da na masauki su zo da ranakun da suka dace da ranakun fita aiki. Rasit ɗin kanti da aka buga da tawada mai gogewa a ɗauki hotonsa ranar da aka karɓa, don bayan wata shida farar takarda za a tarar. Kayan aikin da aka saya da kuɗin tallafi na makaranta ne, a shigar da su rajistar sashe. Maƙalar da ta fito daga aikin kuma ta ambaci TETFund a matsayin wanda ya ɗauki nauyi.

Illar sakaci a nan ba ta tsaya kan mutum ɗaya ba. Asusun yana duba yadda makaranta ta rufe ayyukan baya kafin ya saki na gaba, don haka malamai biyar da suka karɓi zubin farko suka yi shiru za su iya tsayar da takardun abokan aikinsu talatin. Wannan ma akwai rashin adalci a cikinsa, musamman ga ƙaramin malamin da bai taɓa karɓar ko kwabo ba, amma haka tsarin yake tafiya, kuma shi ya sa kason bincike na wasu makarantu ke taruwa a Abuja shekara da shekaru ba a ɗauka ba. Kwamitin bincike na kowace makaranta yana da jerin sunayen waɗanda ba su rufe aikinsu ba, kuma majalisar dattawan jami'a na da ikon neman a kawo mata shi a zamanta na gaba.