Hoton mawaƙi a kan dandamali da dare: amsar tambayoyin ƴan koyo

Duk ranar da aka yi babban wasa a Yamai, ko a CCOG ne, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ko a Palais des Congrès, washegari sai yaran da suke koyon sana'a a wurina su shigo shago da kyamara a rataye, fuska a murtuke. Mutum ya kwana yana danna maɓalli, ya tara hoto ɗari huɗu, babu goma na nuna wa mutane. Tambayoyinsu ba sa sakewa, shi ya sa na tara su a nan tare da amsar da nake ba su.

Maigida, da rana kyamarata tana fitar da hoto tas a otomatik. Me ya sa take kunyata ni a wurin wasa?

Saboda ba ta san me kake so ba. Ma'aunin hasken da ke cikinta an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, launin toka. A kasuwa da rana wannan lissafi yana tafiya daidai. A dandamali kuwa kashi uku cikin huɗu na abin da ke gabanta baƙi ne ƙirin, sai mutum ɗaya a tsakiya fitila ta haske shi. Sai ta ce duhu ya yi yawa, ta ja lokacin ɗauka har zuwa 1/15 na daƙiƙa don ta tara haske. Asara biyu ke nan a hoto guda: mawaƙi ya yi dishi-dishi don ya motsa, fuskarsa kuma ta ƙone fat. Juya makullin saman kyamara zuwa M, ka karɓe ragamar da hannunka.

To in na juya zuwa M, da waɗanne lambobi zan fara?

Abu uku kake riƙe da su. Na farko buɗin ido, wato girman ƙofar da haske yake shiga ta cikin objektif, ana rubuta shi da f. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, abin da yake rikita kowa da farko. Daga f/2.8 zuwa f/4 haske ya ragu da rabi, daga f/4 zuwa f/5.6 ya sake raguwa da rabi. Na biyu saurin ƙiftawa, tsawon lokacin da kyamara take barin hasken ya shiga. Na uku ISO, wato yadda kyamara take ƙara ƙarfin ɗan hasken da ya shiga. Wanda ya taɓa kama tasha mai nisa a gajeren zango ya san shi: kana ƙara murya, magana tana fitowa, shuuu ɗin ma yana ƙaruwa. A hoto wannan shuuu shi ne yashi-yashin da kake gani.

Ni da f/2.8, 1/250 da ISO 3200 nake shiga. In objektif ɗinka bai kai 2.8 ba, buɗe shi iyakar buɗewarsa. Ɗauki hoto ɗaya lokacin da ake gwajin sono ko mai gabatarwa yana surutu, ka duba, ka gyara ISO sama ko ƙasa. Buɗin ido da sauri ka bar su inda suke, ISO shi ne abin taɓawa a cikin dare. In mai fitilu irin wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya ne, bar kyamarar a M amma ka sa ISO a otomatik, ka kafa masa iyaka a 6400, sannan ka rage ma'aunin da kamar mataki ɗaya, wato rabin haske, don kada duhun baya ya sake ruɗinta.

1/250 ya isa ga kowa?

A'a, kiɗan ne yake faɗa maka. Mai gurmi ko mai molo da ke zaune yana rausaya kai, 1/125 ma yana riƙe shi, ka samu rarar haske ka sauke ISO. Mawaƙin da ke kai da kawowa a bakin dandamali 1/250. Ƴan rap masu tsalle, ƴan rawa, da hannun mai kalangu in kiɗa ya yi zafi, waɗannan sai 1/500 ko sama.

Akwai ruɗin da masu sayar da kaya suke jefa yara a ciki. Za a ce maka objektif ɗin nan yana da maganin girgiza, IS a Canon, VR a Nikon, don haka kana iya sauka 1/30. Gaskiya ne, amma girgizar hannunka yake magani, ba ya tsayar da mutumin da ke rawa. Wani lokaci dai ina sauka 1/60 da gangan in makaɗi ya tsayar da kansa: fuska ta fito sarai, hannu da gula su zama kamar hayaƙi. A cikin goma ɗaya ke yin kyau, amma wannan ɗayan har sautin gangar kake ji a cikinsa.

An ce mini kada in wuce ISO 800, hoto zai lalace.

Wanda ya faɗa maka haka da kyamarar shekara ashirin da suka wuce ya koyi aiki. Na ga yara da yawa sun maƙale a 800 suna ɗauka a 1/40, sun dawo da hotuna masu santsi waɗanda ba a gane ko wane ne a ciki. Yashi-yashi ana rage shi a kwamfuta, kuma hoton da zai ƙare a Facebook ko WhatsApp ba mai lura da shi. Hoton da ya girgiza ba shi da magani. Sensa ita ce farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara. Kyamarori masu ƙaramin sensa na shekarun baya-bayan nan suna ɗaukar 3200 ba damuwa, masu cikakken sensa suna kai 6400 har su wuce. Abin da ya fi kawo yashi ma shi ne ka ɗauki hoto da duhu a ƙaramin ISO, ka zo kana jan haskensa daga baya.

Objektif ɗin da ya zo da kyamarata 18-55 ne. Zai yi?

Zai wahalar da kai. A 18 yana buɗewa f/3.5, amma da ka jawo mawaƙi kusa zuwa 55 sai ya tsuke ya koma f/5.6, daidai lokacin da ka fi bukatar haske. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi 50mm f/1.8, shi ne mafi araha a cikin masu buɗewa da yawa, kuma ana samun na hannu. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 haske ya ninka kusan sau goma, wato hoton da zai ci ISO 12800 sai ka ɗauke shi a kusan 1250. A ƙaramin sensa 50mm yana gani kamar 75 a Nikon da Sony, kamar 80 a Canon, daidai rabin jikin mawaƙi in kana gindin dandamali. Sai dai a f/1.8 wurin da yake fitowa sarai siriri ne ƙwarai, ido na iya fita hanci bai fita ba, don haka ni a f/2 ko f/2.2 nake barinsa. A filin wasa na Seyni Kountché, inda dandamali yake da tsawo kuma ana nisanta mutane, objektif 70-200 f/2.8 ne sarki. Mai shi ya san abin da ya kashe, kafaɗarsa ma ta sani.

In na gyara don fuska, farar shadda ta ƙone. In na gyara don shadda, fuska ta ɓace. Wanne zan bi?

Wannan ita ce tambayarmu ta nan gida, kuma littattafan da suke zuwa da kyamara ba su cika kula da ita ba. Mawaƙinmu baƙi ne ko wankan tarwaɗa, ya sha farar shadda wadda ta ji bugu tana walƙiya, wani da farin rawani a kai, ga gumi yana ƙyalli a goshi. Tazarar haske tsakanin kumatunsa da rigarsa ta fi abin da JPEG, hoton da kyamara ta riga ta gyara ta matse, zai iya ɗauka.

Mayar da ma'aunin haske zuwa na ɗigo ɗaya, wanda yake auna ɗan ƙaramin wuri kawai, ka ɗora shi a gefen fuskar da fitila ta haska. Amma ka tuna halin ma'aunin nan na mayar da komai launin toka: in ka bi shi har allura ta tsaya a sifiri, zai wanke baƙar fata ta yi fari-fari kamar mai rashin lafiya, rigar kuma ta tafi gaba ɗaya. Bar allurar ƙasa da sifiri, tsakanin rabin mataki da mataki ɗaya, gwargwadon duhun fatar. Sannan kunna gargaɗin nan da yake sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyafƙyafta a allo. In ɗan ƙyallin kafaɗa ko bakin hula ne yake ƙyaftawa, ƙyale shi. In goshi ne ko gaban riga duka, rage. Aikin da mai ɗinki ya yi a wuyan riga, in ya ƙone ya ƙone ke nan, alhali fuskar da ta ɗan yi duhu ana ɗago ta a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba. Kada kuma ka yarda da hasken allon kyamara a cikin duhu, yana nuna hoto ya fi yadda yake haske. Rage hasken allon tun kafin a fara.

Wai dole ne RAW? Yana cinye kati.

A wannan aikin dole ne. JPEG yana riƙe matakin haske 256 a kowane launi, RAW mai bit 14 yana riƙe 16,384. Sayi kati na biyu. In ba ka da Lightroom na gyaran hoto a kwamfuta, akwai darktable da RawTherapee, kyauta suke.

Jar fitila fa? Fuska sai ta koma kamar an shafa mata tumatir.

Fitilun LED na yanzu suna ba da launi tsantsa, ja zalla ko shuɗi zalla. Sensa tana karɓar haske a gida uku, ja da kore da shuɗi. In ja kaɗai ke zuba, gidan ja ya cika ya tumbatsa alhali sauran biyun wayam suke, ma'auni kuma yana ce maka komai lafiya. Da ka ga ja ya mamaye, rage haske da mataki ɗaya. Daidaita fari kuma, wato abin da ke gaya wa kyamara launin hasken wurin, kada ka bar shi a otomatik yana tsalle daga hoto zuwa hoto, kafa shi wajen kelvin 4000, ka gyara daga baya. Tsofaffin fitilu masu zafi suna wajen 3200. Amma babban magani haƙuri ne. Fitilun suna zagayawa da kiɗa, in ka saurari waƙar za ka gane inda farin haske yake dawowa, sau da yawa a kan amshi. Ajiye yatsa ka jira. Hoton da ya ƙi gyaruwa kuma ka mayar da shi baƙi da fari, ba abin kunya ba ne.

Wasu hotunan suna fitowa da layi-layi kamar tabarma.

Ka kunna ɗaukar shiru, wadda kyamara ba ta ƙara in ka danna, ko ba haka ba? A wannan yanayi sensa tana karanta hoton layi bayan layi, su kuma fitilun LED ɗauke-kawo suke yi da saurin da ido ba ya gani. Koma ɗauka mai ƙara, ai ba mai jin ka kusa da bafil. In babban allo ne a bayan mawaƙi yake yin layin, sauko da sauri zuwa 1/125 ka gani. Masu bidiyo su tsaya a 1/50 ko 1/100, don kuran ɗinmu hertz 50 ne.

Kyamarar tana kama mikoro ta bar idon mawaƙi.

Tana son abin da ya fi kusa kuma ya fi ƙyalli. Sa ta a bin motsi, AF-C a Nikon da Sony, AI Servo a Canon, ka zaɓi ɗigo ɗaya ka ɗora a ido. Sabbin da suke gane ido da kansu suna taimakawa, har sai hayaƙi ya tashi ko mawaƙi ya sa baƙin tabarau. Sauran gyaran a ƙafarka yake: kada ka tsaya tsakiya inda mikoro yake rufe baki. Koma gefe, ka lura da hannun da yake riƙe shi, ka tsaya ta ɗaya ɓangaren.

Me zai hana in kunna filashi in huta?

Ƙaramin filashin da ke kan kyamara, a ISO 100 da f/4, bai wuce mita uku ba, kuma duk nisan da ya ninka, haskensa yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙeyar waɗanda ke gabanka za ka haska. In ma ya kai, ya kashe launin da mai fitilu ya sha wahalar shiryawa, ya kuma dallare idon mai waƙa. Lokacin hunturu abin ya fi muni, ƙurar da ke yawo gaban objektif ita za ta fito fari-fari. A manyan wasannin Turai da Amurka al'adar ita ce waƙa uku na farko kawai ake bari a ɗauka, ba filashi. Mu a nan ba a cika kafa wannan doka ba, sai dai masu liƙi suna hawa dandamali su tsaya tsakaninka da mawaƙi, don haka kai ma ka kwashi hotunanka masu tsabta tun farkon wasa.

Akwai abin da zai iya lalata kyamarar kanta?

Leza, fitilar nan mai siririn haske kore. In ta shiga objektif kai tsaye tana ƙona sensa, ta bar ɗigo ko layin da ba ya fita, musamman a kyamarori marasa madubi da lokacin bidiyo. Da ka ga ta fara sharar jama'a, sunkuyar da kyamara. Sai ƙura: kada ka sauya objektif a fili lokacin hazo. Na taɓa yi a wani wasa a watan Janairu, iska na kaɗawa, na kwana uku ina goge ɗigo a kowane hoto. Kunnenka ma kaya ne, gaban bafil ƙara tana wuce desibel 100, sa abin toshe kunne. Batir biyu a aljihu. In kuran ya ɗauke kafin gurup, injin wuta, ya tashi, kada ka rufe kyamara: jama'a za su ɗaga salula da fitilu a kunne, juyo gare su, f/2, 1/60, ISO 6400.